Muhawara: Shin ƙarfin shuri daga cinya yake fitowa ko daga ƙugu?

Usman Kawo:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masu horarwa da waɗanda suka riga mu shiga wannan harka. A wurin da muke atisaye akwai wani yaro siriri wanda idan ya shuri jakar duka sai ka ga ta lanƙwashe a tsakiya, alhali kuwa akwai ƙarti masu ɗaga ƙarfe, cinyoyinsu cike da tsoka, waɗanda shurinsu ba ya wuce ture jakar ta yi lilo. Mai horar da mu kullum maganarsa ɗaya ce, wato a juya ƙugu, amma bai taɓa zama ya fayyace mana abin da juyin yake ƙarawa ba. Tunda ƙafa ce take sauka a jikin abokin karawa, me ya sa ba ƙarfin cinya ne yake yanke hukunci ba?

Koci Bala, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam, Malam Usman. Mai horar da ku ya faɗi gaskiya, sai dai rabinta ya faɗa. Bari in ɗauki shurin zagaye, wanda mu 'yan kareti muke kira mawashi geri, domin a nan ne aikin ƙugu ya fi fitowa fili. Idan za ka yi shi da ƙafar dama wadda take baya, da farko ita ƙafar za ta tura ƙasa, nauyin jiki ya koma kan ta hagu. Daga nan ta hagun za ta ɗaga dunduniya ta juya a kan gaban tafi, har dunduniyar ta kusa fuskantar wanda kake hari. Wannan juyi shi ne yake buɗe wa kwatangwalo hanya, kwatangwalo ya ja cinya, cinya ta ja ƙauri, ƙauri kuma shi ne na ƙarshen isowa amma ya fi duk sauran gaɓoɓin gudu. Ƙartin da ka ambata suna fara shurin ne daga gwiwa, sauran jiki yana tsaye yana kallo, saboda haka abin da yake isa jakar nauyin ƙafa ne kawai. Yaron nan kuwa jikinsa duka yake aikawa. Idan kun sake haɗuwa, kada ka kalli ƙafar da take dukan, ka zuba ido a kan wadda take ƙasa, za ka ga bambancin da idonka.

Malam Idris, Barnawa:
Allah ya ƙara basira, Koci. Ni malamin kimiyyar fiziks ne, kuma ina ɗan taɓa tekwando da yamma, don haka bari in ƙara lissafi a kan abin da ka faɗa. Ƙafa ɗaya tun daga cinya har yatsu tana ɗauke da kimanin kashi 16 zuwa 20 cikin 100 na nauyin mutum, gangar jiki kuwa ta kusa rabinsa. Kenan mai kilo 70 wanda ya wurga ƙafa kaɗai bai motsa abin da ya wuce kilo 14 ba, kuma mafi yawan wannan nauyi yana cinya, nesa da wurin da dukan yake sauka. Abu na biyu shi ne, kuzarin abu mai motsi yana tafiya ne da rabin nauyinsa sau gudunsa sau gudunsa. Idan ka ninka nauyi, kuzarin zai ninka sau 2, amma idan ka ninka gudu zai ninka sau 4. Shi ya sa siriri mai saurin ƙafa yake iya fin ƙato mai nawa.

Yadda ƙugu yake samar da gudun nan shi ne abin lura. Duk abin da yake juyawa, ɓangarensa da ya fi nisa daga cibiyar juyin shi ya fi gudu. Idan daga gwiwa kawai ka harba, tsawon da ke aiki shi ne na ƙauri. Idan kuwa jiki ya juya a kan ƙafar da take tsaye, tsawon ya haɗa da faɗin kwatangwalo da cinya da ƙauri gaba ɗaya. Sannan lanƙwasa gwiwa a farkon shuri ba ado ba ne, domin ƙafar da aka naɗe ta fi sauƙin juyawa a kan wadda aka miƙe, sai cinya ta sami gudu da wuri, sa'annan a warware ƙaurin a ƙarshe. Misalinsa bulala ne: hannu ba ya wani gudu na a zo a gani, amma bakin bulalar sai ya tsaga fata.

Garba Rigasa:
Malam Idris, ina girmama iliminka, amma ina jin ana neman rage wa masu ɗaga ƙarfe daraja a wannan zance. Wane ne yake juya ƙugun in ba tsoka ba? Ƙugu ba inji ba ne da yake juya kansa. Ku ɗauko mutum biyu da suka iya salon daidai wa daida, ɗaya mai kilo 60, ɗaya mai kilo 90, ku tsaya a gaban shurinsu ku gaya mini wanda za ku zaɓa. Ba banza ba aka raba 'yan wasa rukuni-rukuni bisa nauyi. Chika Chukwumerije da ya ciyo wa Najeriya tagulla a gasar Olamfik ta Bejin a 2008, da Abdoulrazak Issoufou Alfaga na Nijar da ya ci azurfa a Riyo a 2016, duka a rukunin sama da kilo 80 suka fafata, kuma babu mai hankalin da zai haɗa su da ɗan rukunin kilo 58 ya ce juyin ƙugu zai cike giɓin.

Malama Zainab, Malali:
Malam Garba yana da hujja, kuma ban ga inda ta ci karo da maganar Koci ba. Ina aiki a sashen gashin ƙashi, kuma 'yan wasa suna yawan zuwa hannunmu, saboda haka zan yi magana ta fuskar tsoka. Gaskiya ne tsoka ce take juya ƙugu, amma tambayar ita ce wace tsoka. Mafi yawan masu ɗaga ƙarfe suna gina tsokar gaban cinya, wadda babban aikinta miƙe gwiwa ne, wato mataki na ƙarshe a shuri. Masu fara aikin kuwa su ne tsokar ɗuwawu, wadda ita ce mafi girma a jikin ɗan Adam, da tsokokin kwiɓi masu murɗa gangar jiki, da wata tsoka da take can ciki wadda ta taso daga ƙashin baya ta ratsa kwatangwalo ta liƙe a saman ƙashin cinya, ita ce mai janyo cinya gaba. Akwai kuma ƙaramar tsokar gefen ɗuwawu wadda take riƙe kwatangwalo kada ya zube idan mutum ya tsaya da ƙafa ɗaya. Idan wannan ta yi rauni, za ka ga mai shuri yana tangaɗi, ƙarfin da ya tara yana tsiyayewa tun kafin ya isa.

Sannan akwai wani abu da ƙarfi kaɗai ba ya bayarwa. Lokacin da kwatangwalo ya riga cinya tafiya, tsokokin gaban ƙugu da na matsematsi suna miƙewa na ɗan ƙiftawar ido, kuma tsokar da aka miƙe da sauri sa'annan ta tsuke nan take ta fi wadda ta tashi daga hutu ƙarfi. Wanda ya ɗaure jikinsa tamau ya juya kwatangwalo da cinya a lokaci guda ya yi asarar wannan riba, ko da kuwa cinyarsa ta kai girman turmi. Don haka, Malam Garba, mai kilo 90 zai fi mai kilo 60 idan duka sun iya jeranta gaɓoɓinsu, amma abin da Malam Usman ya gani shi ne ɗaya ya iya, ɗaya bai iya ba.

Baba Ɗanjuma, Tudun Wada:
'Ya'yana, na karanta bayananku, kuma na ji daɗin yadda kowa yake kawo hujja cikin ladabi. Ni dambe na yi a zamanin ƙuruciya, ba mu san lissafin Malam Idris ba, amma abin da kuke faɗa mun san shi a jiki. Ɗan dambe yana tsayawa ne a karkace, ƙafafu a buɗe, hannun garkuwa a gaba, hannun da aka ɗaure da zare yana baya, nauyi kuma yana kan ƙafar baya. Naushin da yake kashe mutum, wato ya kai shi ƙasa, ba daga kafaɗa yake tasowa ba, daga wannan ƙafar ta baya yake tasowa ya bi ta ƙugu. Shuri ma haka ne, kuma a dambe an halatta shi.

Sai dai akwai abin da ban ji kun ambata ba. A wurinmu duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, wasa ya ƙare. Saboda haka ɗan dambe mai wayo ba ya sakin ƙugunsa duka a shuri, domin idan ya kuskure, ko aka tare ƙafar, to yana tsaye da ƙafa ɗaya a kan rairayi, ga dunƙulen hannu yana jiransa. Rairayi yana barin ƙafa ta juya cikin sauƙi, amma idan ka tura shi da ƙarfi sai ya zame maka. Manyanmu kan duba sawun yaro bayan ya yi shuri. Idan sawun ƙafar da ta tsaya ya fito sarai da yatsu biyar, sun san bai juya ba. Idan kuwa gaban tafin ya haƙa ɗan rami zagayayye, rairayi ya taru a gefe ɗaya, to yaron ya fara ganewa. Ku da kuke atisaye a Dandalin Murtala kuna iya gwada wannan a duk inda kuka sami ƙasa mai laushi.

Nura, Badarawa:
Allah ya ƙara girma, Baba. Maganarka ta rashin sakin ƙugu duka ita ce ta kawo ni, domin a tekwando na yau abin ya wuce haka. Tun da wasan ya zama cikakken wasan Olamfik a Sidni a 2000, musamman bayan da aka fara amfani da rigar kariya mai na'urar ƙirga maki a Landan a 2012, salon faɗan ya sauya. Yanzu za ka ga ɗan wasa ya ɗaga ƙafar gaba yana dunguri da ita, yana neman taɓa kai, ƙugu bai wani juya ba, kuma ya ci maki. Tsofaffin 'yan wasa suna ƙorafi cewa shurin ya rasa nauyi, kuma ina ganin suna da gaskiya. Amma dokar da kanta ta san darajar juyi. A tsarin da aka bi a Faris a 2024, shuri a gangar jiki maki 2 ne, idan da juyin jiki gaba ɗaya ne maki 4, a kai maki 3, idan da juyi maki 5. Tambayata ga Koci Bala ita ce, idan burin ɗalibi shi ne cin gasa, shin akwai amfanin ɓata watanni ana koya masa cikakken juyin ƙugu, alhali abokin karawarsa zai riga shi taɓawa da ƙafar gaba?

Koci Bala, Unguwar Rimi:
Akwai amfani ƙwarai, ƙanena Nura. Na farko, ita rigar ba ta ba da maki sai dukan ya kai wani mizani na ƙarfi, kuma mizanin yana ƙaruwa da rukunin nauyi. Na biyu, shurin ƙafar gaba ma da ƙugu ake yinsa, sai dai ba juyi ba ne, turi ne. Wannan shi ne kuskuren da mutane da yawa suke yi, suna ɗauka aikin ƙugu juyawa ne kawai. A shurin gaba, wanda muke kira mae geri, gwiwa tana tashi sama, sa'annan a daidai lokacin da ƙafa take miƙewa sai a cusa kwatangwalo gaba, wanda hakan yake ƙara wa shurin tsawo ya kuma sa nauyin jiki a bayansa. A shurin baya kuwa tsokar ɗuwawu ce take harba dunduniya a miƙe, kuma shi ya sa yake cikin shurin da suka fi kowane nauyi. Wanda ya iya cikakken motsi zai iya taƙaita shi idan gasa ta buƙaci haka, amma wanda ya taso da dunguri ba zai iya ƙirƙiro nauyi ranar da ya buƙace shi ba.

Shamsu, Kabala:
Ina so in ɗan saɓa wa Malam Idris a kan misalin bulala, domin bai dace da kowane salo ba. A damben ƙasar Tailan ba a naɗe gwiwa sosai a warware ta kamar yadda 'yan kareti suke yi. Ana fara taka ƙafar gaba zuwa gefe, a tashi a kan gaban tafi, a juya kwatangwalo gaba ɗaya har ya kife, ƙafa ta biyo baya kusan a miƙe, kuma da ƙauri ake dukan ba da bayan tafi ba. Hannun da yake ɓangaren ƙafar shurin ana wurga shi baya domin jiki ya daidaita. Ba a kuma janye ƙafar, niyya ita ce a ratsa abokin karawa, shi ya sa idan suka kuskure sai ka ga sun zagaya gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa riƙe wa masu salon biyu matashin duka ya san bambancin: na kareti yana zafi a fata ya tsaya nan, na Tailan kuwa sai ka ji shi har cikin gwiwar hannu, ya kuma ɗaga ka daga inda kake tsaye.

Malam Idris, Barnawa:
Na karɓi wannan bayani, Malam Shamsu, kuma lissafin da na kawo yana ɗaukarsa. Salo ɗaya ya fi neman gudu a ƙarshen ƙafa, ɗayan ya fi neman nauyin da yake bayan dukan. Idan gwiwa da ƙugu suka ɗaure a daidai lokacin saukar duka, jikin da ke bayan ƙaurin yana shiga cikin karon, shi ya sa mai riƙe matashi yake jin an ture shi. Amma duka biyun daga ƙasa suke aro. Dokar Newton ta uku, wadda ya wallafa a 1687, ta ce idan ka tura abu shi ma zai tura ka da ƙarfi daidai da naka, kuma wannan turin da ƙasa take mayarwa shi ne yake fara juya jiki. Shi ya sa rairayin Baba Ɗanjuma yake cin wani kaso na ƙarfin, haka ma daɓen siminti idan ƙurar hunturu ta kwanta a kansa.

Akwai kuma gyara ga abin da nakan ji wasu masu horarwa suna faɗa, cewa a taka wa cinya birki da gangan domin ƙauri ya fita. Gaskiya ne cinya tana rage gudu a lokacin da ƙauri yake ƙara nasa, amma mafi yawan wannan ragin yana faruwa ne da kansa, saboda ƙaurin da yake warwarewa yana ja wa cinyar baya. Ɗalibin da aka ce wa ya tsayar da cinya sai ya ɗaure jiki, shurin ya mutu a hanya.

Garba Rigasa:
To, na ji. Amma shurin da Leon Edwards ya sumar da Kamaru Usman da shi a gasar faɗa ta UFC a watan Agustan 2022, a zagaye na 5 ana dab da tashi, ban ga wani gagarumin juyi a cikinsa ba, kuma ga abin da ya haifar.

Shamsu, Kabala:
Ka sake kallonsa a hankali, Yaya Garba, ka lura da ƙafar dama ta Edwards da yadda kwatangwalonsa na hagu ya biyo. Juyin yana nan, an dai ɓoye shi ne a bayan hannun da ya miƙa domin yaudara. Kamaru ya kauce wa hannun ya sunkuyar da kai ɓangaren da ƙafar take tahowa, sai gudun kansa ya haɗu da gudun ƙaurin. Ƙwararre ba ya nuna juyinsa tun daga nesa, domin duk wanda ya ga kafaɗa ta fara buɗewa ya san abin da ke tafe, zai ɗaga gwiwa ya tare. Tarewar nan kuma ba wasa ba ce. A watan Disamban 2013, a gasar UFC ɗin dai, Anderson Silva ya saki shuri da dukan ƙarfinsa, Chris Weidman ya tare da ƙafa kusa da gwiwa, ƙaurin Silva ya karye nan take. Ƙarfin da ƙugu ya tara dole ya sauka a wani wuri.

Malama Zainab, Malali:
Tunda an zo batun rauni, akwai abubuwa biyu da nake roƙon masu horarwa su kula da su. Gwiwa gaɓa ce da aka yi ta domin lanƙwasa da miƙewa, murɗawar da take iya ɗauka kaɗan ce. Idan ƙafar da take tsaye ta kafe a ƙasa, dunduniya a manne, sa'annan aka fizgi kwatangwalo ya juya, murɗawar a gwiwa take sauka, a kan guringuntsi da jijiyoyin da suke riƙe ta. Wannan ya fi faruwa a kan tabarmar roba mai kama ƙafa, ko idan mutum ya sa takalmi mai kaushin ƙasa. Ciwon da ake kawo mana sau da yawa ba a ƙafar shurin yake ba, a wadda ta tsaya yake.

Na biyu shi ne kwankwaso. Ƙasusuwan ƙasan baya ba su da yalwar juyawa, gaba ɗayansu ba su kai digiri 15 ba, alhali mahaɗar cinya da kwatangwalo dunƙulen ƙashi ne a cikin kwarmi, an halicce ta domin juyawa kowane ɓangare. Ɗalibin da mahaɗarsa ta sandare, watakila saboda yawan zama a ofis ko a kan babur, idan aka matsa masa ya juya ƙugu sai ya murɗa kwankwaso a maimakon haka, bayan ɗan lokaci ya fara kukan ciwon baya. Kuma zurfin kwarmin nan ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Idan yaro ya ce yana jin wani abu yana tsunkulinsa a gaban matsematsi duk lokacin da ya ɗaga shuri sama, kada a danne shi da sunan buɗe ƙafa, domin mai yiwuwa ƙashi ne yake karo da ƙashi, kuma wannan ba ya buɗuwa da dole. A sauke masa tsayin shurin, a ƙara masa juyin ƙafar ƙasa, idan abin ya ci gaba a kai shi a duba.

Usman Kawo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Koci, da wane atisaye ya kamata mai koyo ya fara?

Koci Bala, Unguwar Rimi:
Ka dafa bango da hannun hagu, ka ɗaga gwiwar dama a naɗe, ka riƙa juya ƙafar hagu a kan gaban tafi kana komawa, ba tare da ka harba ƙaurin ba, har sai ka ji gwiwar daman tana tafiya da kanta saboda kwatangwalo ya ɗauke ta. Ka yi shi ba takalmi, a hankali, ka kuma tabbata gwiwar hagu tana ɗan lanƙwashe tana bin inda yatsu suka fuskanta. Bayan haka sai ka koma kan jaka, ka riƙa dukanta da gwiwar kaɗai daga kusa, sa'annan ka ja baya taki ɗaya ka bar ƙaurin ya fita. Kada ka wuce tsayin haƙarƙari a makonnin farko, kuma duk adadin da ka yi da dama ka yi shi da hagu. Malam Garba kuma, idan kuna da wurin ɗaga ƙarfe a Rigasa, ka koya musu tsugunno da ƙafa ɗaya, domin ƙafar da take tsaye tana buƙatar irin ƙarfin da kake magana a kai.

Garba Rigasa:
Wannan kam muna yi, Koci, kuma ƙofa a buɗe take ga duk mai so. Sai dai har yanzu ina nan a kan bakana game da mai kilo 90.